Jules Ferry: Uban Makarantar Gwamnati ne ko Jagoran Mulkin Mallaka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a jihar Maraɗi. Lokacin da muke makarantar horon malamai an koya mana cewa Jules Ferry shi ne uban makarantar gwamnati a Faransa, shi ya mayar da karatu kyauta kuma dole ga kowane yaro. Kwanan baya kuma wani yayana ya ce mini mutumin nan ne ya miƙe a majalisa ya ce akwai jinsin mutane na sama da na ƙasa, kuma shi ya turo sojojin da suka ci ƙasarmu. Don Allah wanne ne gaskiya? Yaya siyasarsa ta kasance, kuma me ya kayar da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira, ya saka muku da alheri kan wahalar da kuke yi da yaranmu. Abin da aka koya muku gaskiya ne. Abin da yayanka ya faɗa ma gaskiya ne, sai gyara ɗaya: Ferry ya mutu a 1893, sojojin Faransa kuwa ba su ƙona Birnin Konni ba, ba su shiga Damagaram da yaƙi ba, sai a 1899. Don haka ba shi ya turo su ba. Amma hannunsa bai fita daga maganar ba, zan zo kanta a gaba.

An haife shi ranar 5 ga Afrilu 1832 a Saint-Dié, wani gari a gindin duwatsun Vosges can gabashin Faransa. Lauya ne, amma alƙalami ne ya fito da shi. A zamanin sarki Napoleon na Uku ya riƙa rubutu a jaridar Le Temps yana tona yadda Baron Haussmann, gwamnan da ya rushe tsofaffin unguwannin Faris ya shimfiɗa manyan tituna, ke ciwo bashi ba tare da majalisa ta sani ba. Rubutun ya karɓu, a 1869 mutanen Faris suka zaɓe shi ɗan majalisa a ɓangaren masu son jamhuriya.

Shekara guda bayan haka Faransa ta afka yaƙi da Furusiya, masarautar da ke jagorantar ƙasashen Jamusawa, ta sha kashi. An kama sarki a Sedan ranar 2 ga Satumba 1870, kwana biyu bayan nan aka shelanta jamhuriya, Ferry yana cikin gwamnatin riƙon ƙwarya. A watan Nuwamba aka ɗora masa riƙon birnin Faris, a daidai lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin zobe, ba shiga ba fita. Mutane suka cinye dawakai, suka koma kan karnuka da ɓeraye, har giwayen gidan namun daji aka yanka. A watan Janairun 1871 aka fara auna burodi, giram 300 ga babba a rana, burodin ma baƙi ne, an cakuɗa garinsa da shinkafa da dusa da duk abin da aka samu. Wanda ke raba abinci a lokacin yunwa ba ya fita da farin jini. Talakawan birnin suka laƙaba masa suna "Ferry Yunwa", kuma ba su taɓa yafe masa ba. Da suka yi bore ranar 18 ga Maris 1871 suka kafa tasu gwamnatin a birnin, da ƙyar ya sha. Tun a watan Fabrairun 1871 mazaɓarsa ta riga ta koma yankinsu na Vosges, ya kuma yi ɗan zaman jakada a Girka daga 1872 zuwa 1873.

Riƙe wannan yaƙin a ranka, Malam, domin duk abin da Ferry ya yi daga baya daga nan ya samo tushe. Faransa ta rasa yankin Alzas da wani ɓangare na Loren, ta biya diyyar faran biliyan 5, garinsu Ferry kansa ya wayi gari a bakin iyaka. Magana ta yaɗu a lokacin cewa malamin makarantar Furusiya ne ya ci yaƙin, wato sojan Jamus ya fi na Faransa ilimi. Ga kuma wata matsala a cikin gida. Tun 1848 kowane namiji baligi yana da ƙuri'a, akasarin masu ƙuri'ar manoma ne, kuma a ƙauye maganar limamin coci ake ji. Cocin Katolika a lokacin tana tare da masu son a dawo da sarauta, ga ɗimbin makarantu a hannunta, musamman na 'yan mata. 'Yan jamhuriya suka ga cewa muddin coci ke renon yaran, jamhuriyar ba za ta yi ƙarko ba. Ferry kuwa tun a Afrilun 1870, kafin yaƙin ma, ya faɗa a wani taro a Faris cewa ya yi wa kansa rantsuwa zai ba da duk basirarsa da ƙarfinsa ga abu ɗaya, ilimin talakawa.

Damar ta zo a farkon 1879, da shugaban ƙasa MacMahon mai ra'ayin sarauta ya yi murabus, Jules Grévy ya hau. Ranar 4 ga Fabrairu aka naɗa Ferry ministan ilimi. Ya fara da faɗa: ya kawo wani sashe a dokarsa, sashe na 7, da ya hana ƙungiyoyin addini marasa izinin gwamnati koyarwa. Majalisar dattawa ta yi watsi da sashen, sai gwamnati ta bi ta wata hanyar, ta fitar da umarni a ƙarshen Maris 1880 aka rushe ƙungiyar malaman cocin Katolika ta Jesuit, 'yan sanda suka riƙa fasa ƙofofi suna fito da fada-fada daga gidajensu. Masu shari'a da dama sun ajiye aiki don kada a yi abin da hannunsu. Mabiya coci suka tsane shi daga nan, kamar yadda talakawan Faris suka riga suka tsane shi.

Sai dokokin da kuka karanta. Ta 16 ga Yuni 1881 ta soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Ta 28 ga Maris 1882 ta wajabta karatu ga yara maza da mata daga shekara 6 zuwa 13, ta cire darasin addini daga manhaja ta sa tarbiyya da sanin haƙƙin ɗan ƙasa a madadinsa, ta kuma ware rana guda a mako ban da Lahadi, wadda ta zama Alhamis, don iyaye su kai yara koyon addini a wajen makaranta. Kafin su an yi dokar buɗe makarantar horon malamai maza da ta mata a kowane lardi a 1879, da ta sakandaren 'yan mata a 1880. Ya kamata a yi adalci a nan: Ferry bai tarar da fili fetal ba. Tun 1833 dokar Guizot ta tilasta wa garuruwa buɗe makarantar yara maza, kuma yawancin yaran Faransa sun riga sun fara leƙa aji. Aikinsa shi ne ya toshe ɓarakar da ta rage, wato 'yan mata, da 'ya'yan matalauta, da yaran da ake cirewa da zarar aikin gona ya kama. Ba shi kaɗai ya yi ba kuma. Ferdinand Buisson, wanda ya riƙe sashen firamare shekara 17, shi ya ɗauki nauyin aikin yau da kullum.

Tunda kai malami ne, bari in tsaya kan takarda guda da nake ganin ta fi duk abin da ya rubuta daraja. Ranar 17 ga Nuwamba 1883, ana saura kwanaki ya bar ma'aikatar ilimi, ya aika wa malaman firamare wasiƙa kan yadda za su koyar da tarbiyya a ajin da ya haɗa 'ya'yan masu addini da marasa shi. Ya ba su ma'auni mai sauƙi. Ya ce in za ka faɗa wa yara wata magana, ka fara tambayar kanka: da mahaifin ɗaya daga cikinsu yana zaune a ajin yana saurare, zai iya ƙin amincewa da maganar tsakaninsa da Allah? In zai iya, ka yi shiru. In ba zai iya ba, ka faɗa ba tsoro. Ya kuma kira zuciyar yaro abu mai laushi mai alfarma da ba a taɓa shi da garaje. Na sha karanta wa ɗalibaina wannan wasiƙa, kuma duk lokacin da na karanta ta sai na ji girman mutumin. Shi ya sa abin da ke biye yake yi mini ciwo.

Sau biyu ya riƙe firaminista: daga Satumba 1880 zuwa Nuwamba 1881, sannan daga Fabrairu 1883 zuwa ƙarshen Maris 1885. A zamaninsa aka yi dokar 'yancin taro da ta 'yancin jarida a 1881, da ta halatta ƙungiyoyin ƙwadago da ta zaɓen hukumomin garuruwa a 1884. Waɗannan su ne ginshiƙan da jamhuriyar ta zauna a kai har 1940. To amma dubi kwanakin wata biyu da rabi kacal na 1881. Ranar 12 ga Mayu sojojin Faransa suka kewaye fadar sarkin Tunis, Muhammad as-Sadiq, aka ba shi 'yan sa'o'i ya sa hannu a yarjejeniyar Bardo, ƙasarsa ta koma ƙarƙashin Faransa. Hujjar da aka kafa ita ce wai wata ƙabila ta kan iyaka tana kai hari cikin Aljeriya. Ranar 16 ga Yuni aka yi dokar karatu kyauta. Ranar 28 ga Yuni aka yi dokar da ta ba jami'an Faransa a Aljeriya ikon hukunta ɗan ƙasa ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Wata guda bayan haka aka yi dokar 'yancin jarida. Gwamnati ɗaya ce, shugaba ɗaya, majalisa ɗaya.

Saboda haka ban yarda da masu cewa Ferry mutum biyu ne ba, na kirki a gida, mugu a waje. Aƙida ɗaya ce ke tuƙa shi a duka biyun: cewa akwai wayayyu da suka san abin da ya dace, kuma haƙƙinsu ne su ja sauran mutane zuwa gare shi ko suna so ko ba sa so. Haka ya kalli manomin Faransa mai magana da harshen ƙauyensu, haka ya kalli Balaraben Tunis da mutumin Tonkin. Inda hanyar ta rabu shi ne, manomin Faransa yana da ƙuri'a, don haka aka je masa da allo da malami, aka lallashi mahaifin yaro. Wanda ba shi da ƙuri'a aka je masa da igwa.

A zangonsa na biyu ya kutsa wurare da yawa lokaci guda: Madagaska, bakin kogin Kwango, da arewacin Biyetnam da ake kira Tonkin, inda rigimar ta zama yaƙi da ƙasar Sin. Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, yana ƙarfafa masa gwiwa, don ya fi son hankalin Faransa ya tafi ƙetaren teku ya bar zancen Alzas. Faransawa da yawa sun gane haka, suka riƙa kiransa ɗan koren Jamus. An ruwaito wani mai zafin kishin ƙasa, Paul Déroulède, yana cewa ya rasa 'yan'uwa mata biyu, ana ba shi barori ashirin.

Faɗuwarsa ta zo cikin kwana biyu. Ranar 28 ga Maris 1885 aka raunata janar ɗin Faransa a Lang Son kusa da iyakar Sin, wanda ya karɓi ragamar ya firgita ya ba da umarnin ja da baya. Wayar da babban kwamanda ya bugo Faris ta nuna kamar rundunar gaba ɗaya na gab da hallaka. Kasuwar hannun jari ta girgiza, jama'a suka cika bakin majalisa suna ihun a jefa Ferry a kogin Seine. Ranar 30 ga wata ya shiga ya nemi ƙarin faran miliyan 200 na yaƙi. Ɗan majalisa Georges Clemenceau ya miƙe ya ce masa ba ministoci yake gani a gabansa ba, masu laifi yake gani. Aka kaɗa ƙuri'a, 306 suka ƙi shi, 149 suka goya masa baya. Alhali a asirce sulhu da Sin ya kusa ƙarewa, kuma bai fallasa ba don kada ya ɓata shi. Kwanaki kaɗan bayan saukarsa aka sa hannu a matakin farko, a watan Yuni Sin ta sakar wa Faransa Tonkin. Ya samu sabon suna, "Ferry Tonkin", bai sake riƙe minista ba har ya mutu. Ka lura, Malam, yawancin waɗanda suka kayar da shi ba tausayin mutanen Tonkin ne ya motsa su ba. Kuɗin da ake kashewa ne, da 'ya'yansu da ke mutuwa da zazzaɓi a nesa, da tsoron Jamus.

Maganar da yayanka ya ji ya yi ta ne bayan ya sauka, ranar 28 ga Yuli 1885, ana muhawara kan kuɗin yaƙin Madagaska. Ya kawo hujja uku. Ta farko kasuwa: masana'antun Faransa na buƙatar inda za su sayar da kaya tunda Jamus da Amurka sun rufe ƙofofinsu da haraji. Ta ƙarshe ƙarfin soja: jirgin yaƙi, in ji shi, ba ya iya ɗaukar kwal ɗin da ya wuce na kwana 14, don haka dole a samu tashoshi a ko'ina. A tsakiyarsu ya ce a fito fili a faɗa, jinsin da ke sama yana da haƙƙi a kan jinsin da ke ƙasa, domin yana da nauyin wayar da shi. Nan take wani ɗan majalisa ya katse shi, ya ce a ƙasar da aka shelanta haƙƙin ɗan Adam kake faɗin haka? Kwana biyu bayan nan Clemenceau ya ba shi amsa. Ya ce shi kam ya daina saurin yarda da zancen jinsi na sama da na ƙasa tun ranar da ya ga masanan Jamus suna kafa hujjar kimiyya cewa dole Faransa ta sha kashi a 1870 saboda Bafaranshe jinsi ne na ƙasa da Bajamushe. Ya ambaci wayewar Indiya da ta Sin, ya ce abin da ake kira wayarwa ƙarfi ne kawai aka lulluɓe da suna mai daɗi. Ina kawo wannan ne saboda masu cewa "ai haka kowa yake tunani a zamanin". An faɗa masa gaskiya a gabansa, a zauren, a makon.

Yanzu batun ƙasarmu. Gwamnatin Ferry ce ta haɗa kai da Bismarck aka kira taron Balin, daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885. Ba a zana iyakar Nijar da Najeriya a can ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Abin da aka yi shi ne tsara ƙa'idar da Turawa za su bi wajen kama ƙasa da zirga-zirga a kogunan Kwango da Kwara. Gab da taron, George Goldie na Ingila ya saye kamfanonin Faransa da ke ciniki a ƙasan Kwara, don haka Ingila ta je Balin a matsayin mai riƙe da wurin ita kaɗai, aka bar mata shi. Faransa ta riƙe saman kogin. Layin farko da ya tsaga ƙasar Hausa, daga Say zuwa Barwa a bakin tafkin Chadi, a 1890 aka ja shi, aka sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906. Duk ba Ferry a kan mulki. Amma rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine da ta bi ta Lugu da Konni a 1899 tana ƙona garuruwa, a kan hanyar da ya share ta taka, da hujjar da ya ba ta.

Abu biyu na zamaninsa sun iso mu. Na farko dokar hukunci ba shari'a, wadda aka faɗaɗa zuwa sauran ƙasashen mallaka a 1887: kumandan yana iya ɗaure mutum kwana 15 saboda abin da ya kira rashin ladabi, kuma haka kakanninmu suka zauna har 1946. Na biyu lakwal, amma ba yadda ya ba yaran Faransa ba. Sharaɗin cewa Faransanci kaɗai za a yi a makaranta, wanda ke cikin ƙa'idojin da aka fitar yana minista, ya iso mu cikakke. Tambayi dattawan da suka yi lakwal kafin 'yancin kai da ma bayansa, za su ba ka labarin "sambol", ƙashi ko guntun icen da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa ko Zabarmanci, shi kuma ya yi ta kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa kafin a tashi. Ba Ferry ya ƙirƙiro shi ba, an yi wa yaran yankin Biritaniya na Faransa irinsa. Amma karatu ga kowane yaro bai ƙetaro teku ba. Da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, yaran da ke makaranta ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Shekarunsa na ƙarshe masu ɗaci ne. A Disamban 1887 Grévy ya yi murabus saboda abin kunyar surukinsa da ke sayar da lambobin girma, kuma Ferry ne ake ganin zai gaje shi. Ta leƙo ta koma: titunan Faris suka cika da masu barazanar bore in aka zaɓe shi, Clemenceau ya tattara ƙuri'u aka ba Sadi Carnot. Mako guda bayan haka wani mutum ya harbe shi da bindiga a harabar majalisa, ya ji rauni a ƙirji. A 1889 ya rasa kujerarsa ta wakilai, a 1891 ya shiga majalisar dattawa. A 1892 ya jagoranci kwamitin bincike zuwa Aljeriya, ya yi kusan wata biyu yana zagayawa, abin da ya gani kuma ya tayar masa da hankali. Ya rubuta a rahotonsa cewa da wuya ka fahimtar da Baturen da ya zauna a can cewa akwai wani mai haƙƙi a ƙasar Larabawa ban da shi, ko cewa ɗan ƙasa ba abin tatsa da bautarwa ba ne yadda aka ga dama. Ya nemi a rage zaluncin, a buɗe wa 'yan ƙasa makarantu. Bai ce a bar musu ƙasarsu ba.

Ranar 24 ga Fabrairu 1893 'yan majalisar dattawa suka zaɓe shi shugabansu, abokansa suka ɗauka ya dawo ke nan. Bayan mako uku, ranar 17 ga Maris, zuciyarsa ta buga, yana da shekara 60. An binne shi a Saint-Dié kamar yadda ya yi wasiyya, yana fuskantar shuɗin layin duwatsun Vosges, inda ya ce kukan waɗanda aka ci da yaƙi ke tasowa zuwa zuciyarsa. Mutanen Alzas da Loren yake nufi, waɗanda Jamus ta ƙwace a 1871.